Amsoshin Tambayoyinku: Tirela Za Ta Iya Kawo Babban Jirgin Ruwa Daga Legas Zuwa Tiga?

TAMBAYA: Ni direban tirela ne, na daɗe ina ɗaukar siminti da taki tsakanin Kudu da Arewa. Maigidana ya ga wani jirgin ruwa a Legas, irin mai tafiya da iska ɗin nan, mai dogon ƙarfe a tsakiya da ake ɗaura wa ƙyalle. Ya ce zai saya a kawo shi madatsar ruwa ta Tiga saboda masu zuwa shan iska, kuma ni yake so in ɗauko. An ce tsawonsa mita 12. Da na kawo maganar majalisarmu sai musu ya kaure. Wasu suka ce sam ba zai yiwu ba, wani dattijo kuma ya ce shi ya taɓa jin an ratso Sahara da jirgin ruwa a bayan raƙuma. Don Allah a warware mana, kuma a faɗa mini abin da zan kiyaye idan aikin ya tabbata.

Daga wani direba, Ƙofar Mazugal, Kano.

AMSA: Zai yiwu, ana yi a ƙasashe da dama, kuma maganar dattijon nan gaskiya ce. Sai dai tirelarka ta siminti ba za ta yi wannan aiki ba, kuma ina da shawarar da zan so ka isar wa maigidanka kafin ya biya kuɗi.

Bari mu fara da maganar dattijo, tunda shi ne babba. A watan Maris na 1850 wasu Turawa uku suka tashi daga Tarabulus da sunan gwamnatin Ingila. James Richardson, Baturen Ingila, shi ne jagora, sai Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Cikin kayansu har da jirgin ruwa na katako da aka ƙera a tsibirin Malta, domin su shiga Tafkin Cadi da shi. Babu raƙumin da zai ɗauki jirgi sukutum, saboda haka aka raba shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma. Ayarin ya bi ta Murzuk da Gat, ya shiga ƙasar Azbin, ya gangaro Damargu, a nan mutanen uku suka rabu a farkon 1851. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi. Barth kuwa, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Katsina ya shigo Kano ranar 2 ga Fabrairu, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. A Dala aka sauke shi, nan maƙwabtanku, kuma da ya zo lissafa ƙofofin birni a littafinsa, Ƙofar Mazugal tana ciki.

Richardson bai ga Kukawa ba, ajali ya cim masa a hanya cikin watan Maris. Jirgin dai ya isa ƙasar Borno zamanin Shehu Umar. Overweg ya sa aka harhaɗa shi a bakin tafki, aka raɗa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin, ya shiga ruwa da shi a tsakiyar 1851, ya yi makonni yana zagaya tsibiran Buduma. Daga Tarabulus zuwa Kukawa, ko a miƙe aka auna, ya haura kilomita 2,000, su kuma ba a miƙe suka bi ba. Fiye da shekara guda jirgin ya yi a hanya kafin ya taɓa ruwa.

Ba shi kaɗai ba ne. Bafaranshen nan Émile Gentil ya wargaza wani jirgi mai tururi, aka yi dakonsa gunduwa-gunduwa, ya shiga Tafkin Cadi da shi a 1897. A 1904 ayarin wani Bature mai suna Boyd Alexander ya hau Binuwai da Gongola da jiragen ƙarfe biyu masu kwancewa, inda ruwa ya ƙare 'yan dako suka ɗauka a ka zuwa Komadugu Yobe. Wanda ya ja jirage sukutum a kan tudu, wanda kowa ya sani, shi ne Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadul Fatih. A watan Afrilun 1453 ya sa aka shimfiɗa gungume aka shafe su da kitse, aka ja jirage wajen 70 aka tsallake sarƙar da Rumawa suka tare mashigin Ƙusɗanɗiniyya da ita. Amma tafiyar tasa 'yar gajeruwa ce, tsallake tudu ɗaya ne. Ka lura da wannan, Malam direba: waɗanda suka yi nisa da jirgi a tudu, rarraba shi suka yi. Jirgin maigidanka kuwa, idan irin na zamani ne, na faiba ne da aka zuba shi gaba ɗaya. Ba a sa masa zarto. Dole a ɗauko shi yadda yake, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye.

Na san abin da za ka fara tambaya shi ne nauyi, kuma nan ne babu damuwa. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan kai tan 8 zuwa 10. Buhu 600 na siminti tan 30 ne, ka ga bai wuce sulusin abin da ka saba ja ba. Kan motarka ba zai ma san ya ɗauki kaya ba. Wahalar tana wajen faɗi, da tsayi, da yadda za a zaunar da shi.

Bayan tirela faɗinsa kusan mita biyu da rabi ne. Cikin irin wannan jirgi yakan kusa mita 4. Wato zai leƙo waje da kimanin santimita 70 ta dama, 70 ta hagu, kuma ya fi hannun titi guda faɗi, domin hannu ɗaya bai fi mita uku da rabi da 'yan kai ba. A tagwayen hanya da sauƙi. A inda hanya ɗaya ce, ko inda ake gyara aka mayar da motoci hannu guda, duk tankar da ta taho gabanka sai ɗayanku ya sauka gefe. Madubinka na gefe kuma ba zai nuna maka komai ba sai cikin jirgi.

Tsayi ya fi faɗi haɗari. Jirgi mai tafiya da iska yana da wani ƙaton ƙarfe a gindinsa, na darma ko baƙin ƙarfe, wanda yake nutsewa cikin ruwa kusan mita 2. Shi ne yake hana iska kifar da jirgin, kuma shi kaɗai yakan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka. A cikin ruwa ba a ganinsa. A tudu kuwa a kansa jirgin zai tsaya, saboda haka daga ƙasan ƙarfen zuwa rufin ɗakin jirgin za ka samu mita uku da rabi zuwa huɗu. Bayan tirelarka ya tashi daga ƙasa kusan mita ɗaya da rabi. Haɗa su ka gani, ka haura mita 5. Da wannan tsayi ba za ka fita daga Legas ba. Dole sai tirela mai ƙasa-ƙasa, irin wadda ake ɗaukar katafila da taransifoma a kanta, ko kuma wadda aka ƙera musamman don jirage, inda ƙarfen gindin yake zama a tsakanin ƙarafunan tirelar dab da kwalta. Ita ma tana da nata ciwon kai. Saboda kusancinta da ƙasa, cikinta yakan dafe a tudun rage gudu, ko a mararrabar layin dogo, ko a kwalbati mai tudu, ta tsaya cak tayoyi na juyawa a banza.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. An ƙera jirgi ne don ruwa ya tallafe shi ta ko'ina, kowane taƙi na cikinsa yana samun abin jingina daidai wa daida. Da zarar an fito da shi, tallafin nan ya tafi, sai wurare huɗu ko shida da aka tokare shi. Dubi randar da aka binne gindinta a yashi, sannan ka dubi wadda aka ɗora kan duwatsu uku a bayan mota aka bi gargada da ita. Jikin jirgin faiba bai da kauri yadda ido yake zato. Idan matokari ya danna inda babu ƙarfi, wurin zai lotsa, ko ya yi tsagar da ba za a gani ba sai an sa shi a ruwa.

Saboda haka ƙa'idar ita ce nauyin jirgin ya sauka a kan ƙarfen gindinsa, a shimfiɗa masa katako mai ƙwari a ƙasa, a sa masa waigi gaba da baya da gefe yadda ba zai zame ba idan ka taka birki. Matokaran gefe aikinsu hana shi karkata ne kawai, ba ɗaukar kaya ba. Kuma ba ko'ina ake kafa su ba. A cikin jirgin akwai bangaye da suka raba ɗakuna, su ne ƙashinsa, a saitinsu ake tokarewa. Wanda ya san aikin zai shiga ciki ya auna, ya fito ya yi alama da alli a jikin jirgin, ko ya riƙa ƙwanƙwasawa da hannu har ya ji inda sauti ya toshe. Kowane matokari a sa masa faffaɗan katako da kafet ko roba a fuska. Idan jirgin yana da gadon ƙarfe da aka ƙera masa tun asali, a sayo har da shi, ko nawa ne. Idan babu, 'yan walda su ƙera shi a can inda jirgin yake, suna aunawa a jikinsa. Kada a ƙera a Kano da ƙiyasi a tafi da shi.

Wajen ɗauri, ka manta da sarƙa da wayar ƙarfe a jikin jirgi, za su ci shi. Bel mai faɗi ake amfani da shi, a sa tsumma ko roba inda ya ratsa baki. Kada a ɗaure a jikin siraran ƙarafunan da suka kewaye saman jirgin, don riƙon hannu aka yi su, za su tumɓuke. Kada kuma a ja bel har ya danne jikin jirgin kamar ana ɗaure buhunan taki. Bayan ka yi 'yar tafiya kaɗan ka tsaya ka zagaya, domin kaya sukan zauna, bel ya saki. Daga nan duk tsayawar da za ka yi, sallah ko cin abinci, ka taɓa kowane bel da kowane matokari da hannunka. Wannan ba aikin da za ka bar wa yaron mota ba ne.

Dogon ƙarfen nan na tsakiya, wato jigon da ake ɗaura ƙyallen, ya fi jirgin kansa tsawo, yakan kai mita 16 zuwa 18. Injin ɗaga kaya ne zai zare shi tun a Legas. A kwance wayoyinsa da fitilunsa, a yi wa kowace igiya lamba don kada a rikice ranar mayarwa, a naɗe shi, a kwantar da shi a gefen tirela a kan matokarai da dama. Na alminiyam ne, idan aka tallafe shi a baki biyu kawai tsakiyar za ta yi ta lilo har ya lanƙwashe, kuma samun wani a ƙasar nan ba ƙaramin aiki ba ne. Zai leƙo bayan tirela, don haka a ɗaura masa jan ƙyalle, kai kuma ka tuna da shi a kowace kwana da kowane shataletale. Sauran shirin ba wuya: a zubar da ruwan tankuna, a rage man injin, a cire tukunyar gas, a kwance batir, a kwashe ƙyallayen da duk abin da zai yi yawo a ciki, a kulle tagogi a manne su. Gaban jirgin ya kalli gaba. Kada a lulluɓa masa tamfol sako-sako, bugun da iska za ta sa ya yi ta yi zai goge fenti har ya ci jiki. Idan kuwa jirgin na katako ne, to a guji hunturu. Katakon da ya saba da laimar teku idan ya sha busasshiyar iskar Arewa kwana da kwanaki zai tsuke, haɗin ya buɗe. A kuma wanke cikinsa tas kafin a taso, kada a kwaso ciyawar ruwan Legas a zuba mana a Tiga. Abin da kacala ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru ya isa.

Hanya kai ka fi ni saninta, amma sanin da ka yi mata na mai kaya daidai mota ne. Kafin a ɗora jirgi, a bi hanyar da ƙaramar mota tun daga farko har ƙarshe, da gora da aka yanka daidai tsayin kayan aka ƙara taƙi guda. A gwada kowace gadar sama, kowace gadar masu tafiya a ƙasa, kowane allon da ya ratsa titi. Kada a dogara da lambar da aka rubuta a jikin gada, domin duk sanda aka ƙara kwalta titi yana tashi, gada kuwa tana nan inda take. Ranar tafiya motar nan mai gora ta riƙa gaba, wata ta biyo baya, kuna magana ta waya. Inda wayar lantarki ta sauko, a nemi ma'aikatan wuta su kashe su ɗaga. Ina roƙonka da girman Allah kada ka bari wani yaro ya hau saman kaya da sanda yana ɗaga waya. Rai ya fi jirgi.

Ko ta Ilori da Jebba da Mokwa za ka biyo, ko ta Lokoja da Abuja, a duba lokaci. A 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Jebba da Mokwa ta karye da damina. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Lokoja zuwa Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere. Mai kaya mai faɗin mita 4 ba ya iya juyawa ya bi ta ƙauye. A bari ruwa ya ɗauke. Tafiyar rana kawai za a yi, a hankali, kuma a san wurin kwana tun kafin a tashi, saboda tsaro da kuma samun filin da zai ɗauki motar. Wani zai ce me ya sa ba za a biyo da shi ta kogin Kwara zuwa Baro ba, yadda Turawa suka riƙa yi har suka ja layin dogo daga Baro ya iso Kano a 1911? Ƙarfen gindin nan mai mita 2 ba ya shiri da yashin kogi, taragon jirgin ƙasa kuma ba zai ɗauki wannan faɗi ba.

Takardu kuwa aikin maigida ne, amma kai za a tare a hanya, don haka ka gan su da idonka: shaidar saye, takardar kwastam idan daga waje jirgin ya shigo, izinin ɗaukar kayan da suka wuce ƙa'ida, sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da inshorar da ta ambaci jirgin kansa a kan hanya. Inshorar mota daban take.

Abu ɗaya da ya zo muku da sauƙi shi ne Tiga tana kudu da birni, wajen kilomita 70, mai tahowa daga Zariya zai ratse tun bai shigo Kano ba. Kada sha'awar a nuna wa 'yan majalisa ta sa ka shigo da shi Ƙofar Mazugal. Ka san cunkoson Mayanka, ka san adaidaita sahu, ka san yadda wayoyi suka yi saƙa a sama. Mai son gani ya bi ku Tiga.

A bakin ruwa ma da sauran aiki. Irin wannan jirgi ba a tura shi daga tirela ya sulale kamar kwalekwale. Sai an kawo injin ɗaga kaya mai ƙarfi, an samar masa ƙasa mai tauri da zai kafa ƙafafunsa, kusa da ruwa mai zurfin da ya haura mita 2 tun daga gaɓa. Shi zai sauke jirgin, shi zai mayar da jigon. Tiga babban ruwa ne, tun da aka gama ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo ita ce take shayar da noman rani na Kadawa da Kura. Amma saboda wannan aikin nata ruwan yana ja da baya da rani, inda jirgi ya yi iyo a watan Oktoba yana iya zama taɓo a watan Afrilu. Ga duwatsu a ƙarƙashi, ga ragar masunta da ƙarfen gindin zai riƙa kwasa, ga guguwar da take gabatar hadarin farkon damina. Dole kuma a nemi izinin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Sannan wa zai tuƙa shi? Sarrafa jirgin iska sana'a ce da ake koyo, a Legas akwai kulob ɗin masu irin waɗannan jirage tun 1932, a nan kuwa sai an ɗauko mai koyarwa.

Ga shawarar da nake so ka kai wa maigida. Idan shan iska ake nufi, jirgin teku mai mita 12 ya yi wa wannan buƙata yawa, kuma kuɗin ɗauko shi da sauke shi da kula da shi zai ba shi mamaki. Akwai ƙanana masu mita 6 ko 7, faɗinsu bai wuce na tirela ba, ƙarfen gindinsu ana janye shi sama, jigonsu mutum biyu ko uku za su kwantar. Mota ƙirar Hilux za ta ja irinsu, babu rakiya, babu injin ɗaga kaya. Wasu ma sukan shiga kwantena mai ƙafa 40 a sauke ta a tashar tudu ta Dala da ke Zawaciki. Idan kuwa yana son abin da zai kawo kuɗi kuma ya amfani jama'a, ya dubi jirgin fasinja mai shimfiɗaɗɗen gindi, da injinsa da rigunan kariya. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, da kwalekwale ya kife a ruwan Watari da ke Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Madatsun ruwanmu suna buƙatar jirage masu inganci, kuma irin waɗannan tirelarka ta yanzu ma za ta kawo su lafiya.

Idan duk da haka ya ce shi wancan yake so, to kada ka karɓi ko sisin kuɗin mai sai an turo maka abu huɗu a rubuce: tsawon jirgin, faɗinsa, tsayinsa daga ƙasan ƙarfen gindi zuwa rufi, da nauyinsa. Ka nemi a haɗa ka da wanda ya taɓa ɗora jirgi a kan mota, ya tsaya a kan lodin har a gama. A gaishe mana da dattijon majalisa. Allah Ya kiyaye hanya.